Wasiƙun Tsofaffi

Shahida ce sakatariyar ƙungiyar manoman riɗi ta Roni, kuma ita aka ɗora wa duba takardar bayanin da Ukasha, ma'aikacin ofishinsu, ya rubuta wa sabuwar manhajarsu mai jera saƙonnin imel da kanta. Manhajar ba ta da wani malami sai wannan takarda. Abin da ta gani a rubuce, shi take aikatawa.

Shahida ta karanta a gurguje tana ɓarar gyaɗa, ta ga Hausa ta fita tsaf, ta ba shi maki tara cikin goma.

Bayan kwana uku sai ga Alhaji Maikasuwa, shugaban ƙungiyar, ya faɗo ofis yana huci.

"Shahida, wasiƙa huɗu na aiko kan taron Gwiwa, ko gaisuwa ba a mayar mini ba!"

"Ranka ya daɗe, ko ɗaya ba mu gani ba."

Ta buɗe ma'ajiyar saƙonni, sai ga wasiƙun Alhaji jibge, tare da na duk wanda ya haura sittin. Ta koma kan takardar, kunya ta kama ta. Maimakon "tsofaffin wasiƙu", Ukasha ya rubuta "a kwashe wasiƙun tsofaffi a adana". Manhajar kuwa ta bi rajistar 'yan ƙungiya tana duba shekarun kowa.

Alhaji ya leƙa kwamfutar. "Ina na abokina Hussain? Ai ya girme ni."

"Baba, shi arba'in da biyar ya rubuta a rajista."

Alhaji ya ja kujera ya zauna.

"To, kafin ki gyara takardar, miƙo mini rajistar nan da biro."