Sautukan da Auta ta Raba wa Yara

Ina shanya shugaban makarantar su Auta ya yi sallama, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya ce, "Mama, sai haƙuri. Mota ce, a bakin ƙofar makaranta." Har yau ban san inda na yar da zanin da ke hannuna ba.

Auta 'yata ce, malamar kiɗa. Ni ban wuce aji uku ba, amma na san yadda take koyarwa, don a kaina take gwadawa. Kowane ɗalibi takan ba shi mai tsara kiɗa guda, ta koya masa guntun sautinsa, sai ta jera su a jikin bango, na zamanin da can a bakin ƙofa, na jiya-jiya a wajen taga. In suka rera bi da bi, sai ka ji yadda kiɗa ya yi rarrafe, ya miƙe, ya fara gudu. Ba ta rubuta komai ba. A bakin yaran kawai abin yake.

Da ɗalibanta suka zo gaisuwar rasuwarta na ce su jeru mini a tsakar gida. Suka hau turereniya.

Wani dogo ya ce wa wata yarinya, "Ke Gajera, matsa bakin ƙofa, naki ya yi jika da nawa!"

Ta ce, "To sai me? Naka kuma ko wanka ba ya yi, Malama ta faɗa."

Suka kwashe da dariya, sannan suka tuna inda suke, suka jeru. Suka rera tun daga farko har ƙarshe. Sai da na dafa bango.

Na tambayi shugaban wa zai ci gaba. Ya ce, "Babu mai iyawa, Mama. Ajin ma ɗakin ajiya za mu mai da shi." Yaran kuma a wannan zangon za su gama.

Sai na ce bari in kwashe sautukan a kaina. In an tashi daga makaranta ina tsayawa a ƙofar nan, daidai wurin da abin ya faru, ina tare su ɗaya-ɗaya. Gajera takan ce, "Haba Mama, kina hawa inda ake sauka!" Kan tsohuwa ba ya riƙo. Muryar Dogo ta fashe, ya daina yarda ya rera. Wata ubanta ya tashi da su. Wani ya ce wallahi ya manta.

Aka yi hutu, suka watse. Duk jerin bangon nan, sautuka huɗu na tsira da su, ban ma san wanne ya girmi wanne ba. Kwanan baya biyu suka cuɗe mini, na kasa raba su.

Kowace safiya, kafin in yi magana da kowa, nakan zauna bakin gado in rera abin da ya rage, ƙasa-ƙasa, kada maƙwabta su ji.