Zagayen Arzika na Shida

"Malam Sanda, kada ka rufe ni. Gudu ne ya kashe shi?"

Fatouma ce ta yi tambayar daga bakin ƙofar ɗakinta, ido a bushe, murya a dishe. Mijinta Arzika ya rasu da hantsin nan a filin tseren motoci na bayan gari, gawar tana asibiti ana jiran takardu. Falon gidan hayarsu na unguwar Hor Al Anz, nan ƙasar Larabawa inda suke ci-rani, ya cika da masu gaisuwa, takalma har kan matakala.

Sanda maƙwabcinsu ne. Shekara huɗu bango ɗaya ya raba su da Arzika, mutumin Damagaram, bakanike. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: wasu ƙwallo, wasu zaman shayi a unguwar Al Rigga, shi kuwa Arzika wata tsohuwar mota ya lallaɓa da hannunsa. Duk Asabar ɗin da aka buɗe filin ga 'yan sha'awa, sai ya maƙala wayarsa a gilashi, wata manhaja tana rubuta masa gudunsa da lokacin kowane zagaye. Sanda ɗan rakiya ne, mai riƙe gorar ruwa.

Tun azahar Alhaji Safiyanu, ɗaya daga cikin masu gaisuwar, yake kaɗa kai a falo yana cewa, "Ganganci ne, khalas, shi ke nan. Mai iyali da wasan yara!" Wanda bai taɓa ganin filin ba ya fi kowa sanin yadda aka yi. Maganar ta ƙona wa Sanda rai.

"Tsohuwarsa tana jiran wayata," in ji Fatouma. "Ba zan ce mata ɗanta ya jefa kansa ba, in ba haka aka yi ba."

Sanda ya zaro wayar mamacin daga aljihu, shi ya cire ta daga motar. Ya buɗe taswirar filin a manhajar.

"Duba, Maman Hafsa. Inda layin ya yi kore yana kan totur, inda ya yi ja ya taka birki. Zagaye biyar lafiya lau. Ga na shida. Nan miƙaƙƙiyar hanya ce, babu kwana. Yana ɗari da hamsin, sai tamanin, sai arba'in. Ya kauce gefe ya ba na bayansa hanya, ya tsaya kan tsakuwa. Ko ƙwarzane babu a motar. Da na isa, hannunsa na dafe da ƙirji."

Alhaji Safiyanu ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

"Alhamdulillahi," ta ce a hankali. Sai ta ɗago. "Ƙirji? Amma ai shi ba ya ciwon ƙirji."

A nan Sanda ya so ƙasa ta tsage ya shige. Yana iya yin shiru, babu mai tona shi. Amma abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.

"Yana yi. Kwana tara ke nan. Ya ce kada in gaya miki, wai iska ce ta tsaya masa. Yau ma a hanya sai da ya faka ya huta. Na ce mu koma, ya yi dariya ya ce, 'Voisin, maƙwabcina, shwaiya shwaiya, a hankali zan bi, zagaye shida kawai.' Ni kuma na biye masa."

Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta karɓi wayar kawai, ta ƙura mata ido.

"Wannan lambar da ke ta motsi fa?"

"Agogon zagayen ne. Bai kai layin ƙarshe ba, shi ya sa bai tsaya ba."

Awa shida da minti goma sha ɗaya. Ta zauna a dandamalin ƙofa da wayar a cinyarta, daƙiƙu suna ta tafiya.