Ruwan Gorar Arzika

Shekara goma sha ɗaya Malam Lawwali yana cin naman barewa daga hannun Arzika maharbi, bai taɓa tambayar yadda ake samo shi ba. Ya san hukuncin farauta tun daga farkon babi har ƙarshensa, yana ma karantar da shi a zaurensa da ke Ƙofar Kware. Amma in kaka ta yi, aka shigo masa da cinya a nannaɗe cikin ganye, sai ilimin ya koma gafaka ya jira a gama cin abinci.

A kakar nan ne mata masu itace suka shigo birni da magana. Sun ce sun ga Arzika can bayan ganuwa yana tara ganye a gindin wata aduwa, yana zuba mata ruwa daga gora, yana watsa toka sama. Sakkwato kuwa ba garin da ake wasa da irin wannan ba ne. Dattawan da suka yi jihadi suna nan da ransu, kuma kowa ya san kakan Arzika har ya mutu bai kalli gabas ba.

Liman Siddiƙu ya tare Malam Lawwali bayan la'asar, ranar Talata.

"Malam, an ce ka hi kowa cin naman mutumen ga."

"Ana dai kawo min, Allah shi gahwarta Malam. Ni ban cika damuwa da nama ba."

"Madalla. To kai za ka tahi ka gano muna. In tsahi shika yi, ran Juma'a mu miƙa shi ga alƙali, shi bar muna unguwa. In ba shi ba ne, kai ka wanke shi."

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Dijatu cewa shi dama tun tuni ransa bai kwanta da naman ba.

"Ashe?" in ji ta. "Bara wa yas sa ni hwasa mai ƙashi don ɓargo?"

Ya zauna yana tuno Arzika, sai ga abubuwan da jiya ba komai ba ne sun yi sahu suna ba da shaida. Mutum ba ya son magana. Kullum a ƙarshen sahu yake salla, kusa da ƙofa. Ga wata laya a damtsensa da ba a san malamin da ya rubuta ta ba. Sauran maharba sai su yi kwana uku a daji su dawo da zomo, shi kuwa ya fita da safe ya dawo da hantsi da barewa a kafaɗa, kamar wanda ya je karɓo ajiya.

Ranar Alhamis, da aka buɗe ƙofa bayan asuba, Arzika ya fita da bakansa da taiki a kai. Malam Lawwali ya bi shi daga nesa. An gama girbi, gonaki sun zama fili, babu abin ɓuya sai karan gero da aka kwantar. In Arzika ya waiga, sai Malam ya sunkuya yana duba ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Kafin su kai aduwar, ƙarangiya ta yi wa rigarsa ado har gwiwa. Ya sami wani suri ya laɓe a bayansa.

Abin da matan suka faɗa, duk ya gani, har da ƙari. Arzika ya tuɓe riga ya kai ta nesa. Ya ɗebi kashin shanu ya shafe jikinsa. Ya zazzage taikin, ganyen aduwa ne da 'ya'yanta waɗanda suka faɗo, ya haɗa da na gindin itacen ya baza. Ya karkata gora ya yayyafa musu ruwa. Ya watsa toka sama yana kallon ta, bakinsa na motsi. Daga nan ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa. Malam ya san maharba na shigar tsuntsun nan don su ruɗi nama, amma sani daban, ganin dattijo mai furfura yana rarrafe yana cakar ƙasa da baki daban. Ya shiga neman tsari a zuci, yana tuno cinyoyi goma sha ɗaya da ya ci. Cinnaka kuma suka gano ƙafarsa.

Rana ta ɗan taso, sai ga barewa uku. Suka tsaya, suka ɗaga hanci, suka nufo ganyen. Sun sa baki ke nan, suka manta da duniya. Tsuntsun ya matso yana kiwo, ya matso. Malam bai ga lokacin da aka ja baka ba, sai ganin biyu ya yi sun watse, ɗaya tana shure-shure.

"Malam Lawwali!" Arzika ya yi kira ko waigowa bai yi ba. "Hito bayan surin nan ka yanka ta kahin ta cika!"

Ya fito. Me zai yi? Ya karɓi wuƙa, ya fuskantar da ita gabas, ya yi bisimilla ya yanka.

"Tun yaushe ka san ina nan?"

"Tun ƙohwa. Tahiyarka kamar ta jaki cikin kara."

Malam ya haɗiye wannan. Ya nuna gorar. "Mi ac ciki?"

Arzika ya dube shi. "Wa ya aiko ka? Yari?"

Yari shi ne ɗaya maharbin unguwar, wanda ke dawowa da zomo.

"Liman ya aiko ni. Ana cewa tsahi kaka yi."

"Liman dai surukin Yari na." Ya miƙa masa gorar. "Kurɓa."

Malam ya kurɓa da bisimilla biyu, ya tofar. Ruwan kanwa ne.

"In ciyawa ta bushe, aduwa suka bi," in ji Arzika. "Amma aduwa ta cika daji. Mi za shi kawo su ga tawa? Kanwa. Su lasa yau, gobe su dawo da 'yan uwansu. Toka ko don in ga inda iska ka kaɗawa, kar ta kai musu warina."

"Abin da kaka hwaɗi da baki hwa?"

"Roƙon Allah nika yi kar ka yi tari."

Malam ya mayar masa da gorar. Har ya fara tsara yadda zai ba da labarin a zauren Liman, sai Arzika ya riƙe masa hannun riga.

"Malam, itace kowa na iya ganin shi. Kanwar ga ita ce gonata, ba ni da wata. Ka hwaɗe ta, baɗi ko wace aduwa da maharbi gindinta, iyalina su ci kara. Ka wanke ni, amma gora ta tsaya tsakaninmu."

"In an tambaye ni hwa?"

"Kai ne malami."

Ranar Juma'a zauren Liman ya cika, Yari na zaune a gaba. Malam Lawwali ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse cewa ya gani da idonsa, babu tsafi ko ƙanƙani, kuma shi ya yanka da hannunsa.

"Kai ka yanka," in ji Liman a hankali. "Mun aike ka kallo."

"Ta kusa cikawa ne."

"To mi ac cikin gorar?"

"Ruwa."

"Ruwan mi?" Yari ne ya tambaya, ya ɗan miƙo wuya.

Malam ya dubi Yari, ya dubi Arzika da ke tsugune bakin ƙofa yana kallon yatsun ƙafarsa. Kalma ɗaya ce, tana kan harshensa, har ɗanɗanonta yana ji.

"Ruwan da ba shi da laihi," ya ce.

Liman ya shafa gemu, ya ce ba a mayar wa malami rantsuwarsa, Arzika ya tashi ya tafi gida, magana ta ƙare.

Ta ƙare ga Arzika. Kafin wata Juma'ar, wani attajiri ya janye 'ya'yansa biyu daga zauren Malam Lawwali, wai nisa. Maƙwabcin da kullum shi yake kira ya yanka masa kaza ya fara tsallaka gida uku ya kira wani. Mata masu itace kuwa suka gyara labarinsu: yanzu su biyu ne ke zuwa gindin aduwa, ɗaya har da rawani.

Liman na gaishe shi kamar da, sai dai yakan ɗan daɗe riƙe da hannunsa.

"Malam, yaya daji?"

"Lahiya lau, Allah shi gahwarta Malam," in ji shi, ya koma ƙarshen sahu, inda aka fi samun wuri.