Intanet ɗin Malam Ishaya

A layin bayan tasha, in aka ambaci Ɗayyabu tela sai a ce mutum ne mai kyauta. Masu faɗin haka sun san ba daga aljihunsa yake kyautar ba. Bangon shagonsa a manne yake da gidan Malam Ishaya, wani ma'aikacin jami'a ɗan kudancin Kaduna, wanda ya sa intanet a gidansa ya bar shi a buɗe, ba lambar sirri. Ɗayyabu ne ya fara ganowa. Ya sauke samfurin ɗinki iya son ransa, sannan ya sa benci a ƙofar shago, duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa ya zauna ya sha intanet, na gwamnati ne.

Ranar Talata da hantsi yana kan keke yana haɗa wuyan riga, motar 'yan sanda ta tsaya. Suka fito da Malam Ishaya da singileti, hannu a baya, ɗayansu na riƙe da na'urar intanet ɗin, wayoyinta na reto. Aka ce an aika wa wani dillalin shanu a kasuwar Kara saƙon barazanar sace 'yarsa, kuma bincike ya nuna daga layin intanet na gidan nan saƙon ya fita. 'Yan benci suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wani ma har yana cewa dama shirun mutumin nan ya yi yawa.

Lukman, masinjan kotu, ya tsaya karɓar ɗinkinsa. Ya rage murya ya gaya wa Ɗayyabu cewa shiga layin wani ba izini laifi ne a doka, mutum na iya shan ɗauri a kai, balle wanda ya tara jama'a. In ya buɗe baki, shi za a fara tambaya sunayen duk wanda ya taɓa zama a bencin nan, kuma rabinsu 'yan uwan matarsa ne daga Kausani.

Ɗayyabu ya goge sunan layin daga wayarsa. Ya ja bencin ciki ya jibga masa yadudduka.

Bayan la'asar Tabita, matar Malam Ishaya, ta dawo daga ofishin 'yan sanda, idanunta sun kumbura. Ta tsaya a shagon Ɗayyabu, ta gaishe shi har da tambayar iyali. Ta ce mijinta ya daɗe da sanin ana shan layin, ita ce ma take ta cewa ya rufe, shi kuwa ya ce maƙwabta ne, a bar su. Ta ce an mare shi a gabanta, kuma gobe za a wuce da shi Kano.

"Malam Ɗayyabu, ba cewa na yi ka kama suna ba. Ka zo kawai ka ce ba shi kaɗai ke hawa layin ba."

Ya ce shi bai san kan waɗannan abubuwa ba, wayar ma ta kira ce kawai. Ya sunkuya yana neman zare a aljihun keke. Ba ta tafi ba. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa har ya rasa abin da zai ƙara nema.

Ya ɗago, bai kalli fuskarta ba.

"Na sha, Madam. Ni na kira 'yan bencin ma. Ki yafe mini, don Allah. Amma ba zan je ba."