Gurbin Ruwan Malam Uwaisu

"Malam, itacen nan ya ƙara karkata," in ji Anatu daga ƙofar baya, laima a hannu. "Kullum sai na faɗa maka. Wallahi na gaji."

Malam Uwaisu, maƙwabcinta a Plumstead, bai ko ɗago ba. Yana durƙushe yana gyara gurbin da ya haƙa a gindin bishiyar. Mutumin Gumel ne, inda in ka dasa itace sai ka yi masa gurbi, kada ɗigon ruwa ya tsere. Shekara goma sha biyu a Landan ba su raba shi da wannan ba. Indararon rufi ma nan ya karkato da shi, ruwan alwala nan yake zuba.

Bishiyar kuwa ta sunkuyo kan ɗakin da Safura, 'yar Anatu, take kwana.

Tun kafin Kirsimeti ma'aikacin council, wato ƙaramar hukuma, ya zo, ya soka ƙarfe a ƙasa, ya shige kamar cikin tuwo. Ya ce yumɓu ne, ya sha ruwa ya ƙoshi, saiwa ba ta da abin kamawa. Anatu ta tuna wa Malam da wannan.

"Ruwa ya ka da itace?" Malam ya yi dariya har da tari. "Hajiya, ban taɓa ji ba."

"Nan ba Gumel ba ne. Sau biyu na yi complain. In ya faɗo kan yarinyata fa?"

Wannan maganar ta shige shi. Tsoho ne mai taurin kai, amma ba mugu ba.

Wata Alhamis a Janairun 1990, iska ta taso da hantsi. Anatu ta dawo daga sharar ofisoshi a Aldwych, ƙafafu a kumbure, ta hango shi ta taga da shebur, yana cike gurbin. Ya ɗaga mata hannu. Ta yi niyyar leƙawa ta ce ya shiga ciki sai iska ta lafa, amma ta ce bari ta cire takalmi tukuna.

Takalmi ɗaya ta cire. Bishiyar ta tumɓuke, iska ta juya ta, ta bar ɗakin Safura, ta kwanta inda yake tsaye.

Bayan sadakar ukun Malam, Anatu ta fita bayan gida, abin yana cin ta a rai. Ramin da saiwa ta bari ya cika da ruwa taf. Butarsa tana gefe, a buɗe, yayyafi yana ɗiga a ciki.