Muryar Gwaggo Adijatu

Duk wanda ya kalli wasan daɓe a Kaduna a wancan zamani ya san Ɗantala. In ya ɗaura zani ya fito a Gwaggo Adijatu mai ƙuli-ƙuli, mata har riƙe ciki suke yi. Bai taɓa shiga aji ba. A gaya masa labari sau ɗaya, sauran daga kansa yake fitowa. Mutum ne da ya fita da ƙafarsa daga motar da ta kife a hanyar Zariya, ya zo Doha da furfurarsa ya kama gadi, korona ta kwantar da shi har aka sa masa robar numfashi, ya tashi abinsa. Muryarsa kaɗai cutar ta iya ɗauka. Ta bar masa wata 'yar shaƙaƙƙiya, sai an matso ake ji.

A hannunsa Ikilima ta koyi wasa. Lokacin Sunusi ake kiranta, kuma shi ne sunan da ke fasfonta, shi take amsawa a shagon ɗinkin kafil ɗinta, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanta a ƙasar, a kasuwar Souq Waqif, da kaftani da hula. Amma ita tun tana ƙarama ta san mace ce, kuma na kusa da ita a gidan hayarsu na unguwar Bin Omran Ikilima suke ce mata.

Da aka kulle gari saboda korona, sai ta fara rubuta wasanni, tana ɗauka a waya, ita kaɗai take yin duk muryoyin. Masu gadi da direbobi suka yi ta tura wa juna. Ɗantala yana kwance a asibiti ya ji nas Liatu tana ƙyalƙyala dariya, ya kasa kunne: Gwaggo Adijatu ce ke masifa a wayarta. Gwaggonsa! Da wata murya mai zaƙi da shi bai taɓa samu ba ko yana saurayi. Ranar bai ci abinci ba.

Lokacin gasar kofin duniya, 'yan ƙungiyar Hausawan Doha suka ce a yi wa baƙi Hausawan Zango da suka biyo 'yan ƙwallon Ghana wasa, a farfajiyar wani gida a unguwar Nu'aija. Ɗantala ya tarar da Ikilima a ɗaki tana gugar zanin wasan.

"Ke Ikilima, an sace min tsohuwa, yanzu har zaninta za a ɗaura a gabana?"

"Baba, kai zan ɗaura wa."

"Tausayi ne? Ni da na koya miki yadda ake murguɗa baki?"

"Ba tausayi ba ne. Kai in ka fito da zani da wannan gemun, kowa ya san wasa ne. Ni in na fito, duk mai ido zai ga ba wasa nake ba. Kowa da waya a hannu. Hoto ɗaya ya kai wa kafil, khalas, shi ke nan, sai filin jirgi, in ma an tsaya nan."

"To da wace muryar zan yi? Wannan ta ƙofar langalanga?"

"Ni zan zauna bayan labule da makirfo. Jiki naka, murya tawa."

Haka aka yi, bayan la'asar. Amma Ɗantala ba ya bin rubutu, kuma ranar da gangan ya yi ta kaucewa, don ya ga ta yi tuntuɓe. Inda aka ce ya zauna, ya miƙe. Ya fizge hular wani baƙo ya zuba masa ƙuli-ƙuli a ciki. Kafin ya rufe baki muryar ta riga ta iso: "Ci, ɗan nan, ka ga ƙafafunka kamar na mai tsaron gidan da aka zura wa uku!" Fili ya ɗauka da dariya. Duk inda ya juya tana nan, kamar a ƙirjinsa take zaune. Shi ya yi gumin, ita ake wa tafi.

Da aka tashi, wani baƙo mai suna Moro ya matso, wayarsa a sama tana ɗauka.

"Baba, tafiyar ta yi. Amma muryar nan! Wace baiwar Allah ce a baya? A ɗaga labulen mu gan ta."

Ɗantala ya dubi labulen. Ta ƙasansa yana hango yatsun ƙafarta da ɗan jan lallen da take ɓoyewa cikin safa. Hannu ɗaya zai kai, gobe babu mai raba shi da Gwaggo a Doha.

Sai ya ja baya ya taka gefen labulen da ƙafarsa.

"Wace baiwar Allah? Tawa ce. Tun kafin korona na ɗauke ta a waya. Kai yaro ne, ba ka san Ɗantala ba."

"Allah ya ƙara basira, Baba! Tafiya kowa ma zai iya, amma irin wannan murya sai an tona."

Ɗantala ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Bai ɗaga ƙafarsa ba sai da fili ya watse.

A motar komawa Ikilima, da hularta a ka, ta ce a hankali, "Na gode, Baba."

"Kin makara a wurin hular baƙon nan," in ji shi, yana kallon taga. "Da ni ne, da tuni na faɗa."

Ba ta makara ba. Shi ma ya sani.