Malamar Bayan Aji

Mitsue Harukawa tana goge allo ke nan shugaban makarantar, Ogiwara, ya leƙo ajin cikin sabuwar kwat, sai ƙamshin turare yake.

"Harukawa-sensei," ya kira ta, wato Malama Harukawa, "baƙon ya iso. Ki dawo da masu fara'a gaba. Waɗancan kuwa..." Ya nuna layin baya da haɓa. "Kin dai gane."

Ta gane. Ta tsufa tana koyar da baƙi Japananci a wannan makaranta da ke saman shagon wanki a gefen birnin Nagoya, kuma bana ɗalibai sun ragu har kujeru sun fi mutane yawa. Shi ya sa Ogiwara ya gayyato Corwin, wani dogon ɗan Ostareliya mai shafi a intanet, wanda sana'arsa ita ce bayyana wa duniya yadda Japanawa ke shan taliya da yadda suke jera takalma a bakin ƙofa.

Corwin ya shigo da kyamara, ya rusuna har ya wuce kima. Aka fara darasi. Ba a je ko'ina ba idonsa ya faɗa kan layin baya.

Bimala ce, 'yar Nepal, ta kifa kai a kan hannu, barci ya yi awon gaba da ita. Daga masana'antar haɗa abincin kwali take wucewa aji kai tsaye, yau ko rigar aikin ba ta cire ba, ga sunan kamfanin ɓaro-ɓaro a kafaɗa. Mitsue ta san sa'o'in aikin da yarinyar ke yi sun zarce abin da doka ta yarje wa ɗalibi. Ba ta taɓa tambayarta ba, don kada ta ji amsar. Amma jami'an shige da fice ma suna da waya, kuma bara hoto ɗaya ya isa aka mayar da wani ɗalibinta ƙasarsu.

"Kai, madalla!" in ji Corwin, yana ɗaga kyamara. "Barcin gajiya a aji! Masu kallona suna mutuwar son irin wannan."

Mitsue ta ɗauki littafinta, ta taka har baya, ta tsaya daidai gaban teburin Bimala.

"Kowa ya juyo da kujerarsa nan," ta ce.

Aka yi ta jan kujeru. Ogiwara ya matso yana murmushin dole, ya yi ƙasa da murya. "Sensei, allo fa yana gaba."

"Yau darasin baki ne, Shugaba."

Corwin ya koma hagu, ta matsa hagu. Ya zaga dama, ta bi shi tana tambayar wani ɗan Biyetnam yadda ake neman afuwa in an makara. Gwiwarta mai ciwo ta dinga zugi, amma ba ta zauna ba har ƙararrawa ta kaɗa.

Da baƙon ya tafi, Ogiwara ya tsare ta a baranda. "Kin ba ni kunya. Mutum ya zo mu samu ɗalibai, kin sa shi rawa da kyamara. Za mu yi magana kan kwantiraginki."

Ta rusuna kawai. Da ta koma aji ta tarar Bimala ta farka tana ta ba da haƙuri.

"Bar shi. Gobe ki tuɓe rigar nan tun a jirgin ƙasa. Yanzu je ki kwanta."

"Ina da gyaran ɗakuna a otal da rana, Sensei."

Mitsue ta juya ta fara mayar da kujeru wurarensu.

Ranar Juma'a tana cin shinkafarta mai sanyi a ɗakin malamai sai ga Ogiwara a guje, waya a hannu, fuska kamar an yi masa albishir da jika.

"Duba! Duba abin da ya sa!"

Ga ta nan a bidiyon, tsaye a bayan aji, ba a ganin komai a bayanta sai bango. Muryar Corwin na cewa wannan wata tsohuwar al'adar Japan ce da 'yan waje ba su sani ba: malami na gari yakan bar allo ya koma baya, don ya kusanci ɗalibai masu rauni. A ƙasa mutane daga ƙasashe daban-daban suna ta yabo. Wani malami daga Kanada har ya ce zai gwada a ajinsa.

"Tun safe ake bugo waya ana neman gurbi," in ji Ogiwara. "Daga Litinin kowane malami daga baya zai koyar. Na sa a cire alluna a mayar can. Masu ɗaukar hoto ma za su ƙaru. Sensei, ashe kina da basira haka kika ɓoye mana?"

"Na ji, Shugaba."

Ta rufe kwanon abincinta ba ta cinye ba. Ta koma ajin da babu kowa, ta tsaya tana kallon layin baya, wanda ranar Litinin zai zama layin gaba. Sai ta kama teburin Bimala, ta fara jan sa a hankali zuwa ɗaya ƙarshen ɗakin, tana ɗingishi.